Baba Sada da 'Yar Funtuwa

A shagon wanki da guga da nake aiki a unguwar Ka'akiyya, nan Makka, na san Baba Sada. Duk ranar Asabar yakan kawo kakinsa, riga da wando masu warin man dizal, ya ajiye a kan tebur ya ce, "Aminullahi, a wanke, amma kada a kore warin duka. A rage mini kaɗan don mutanen gida su gane ni." Daga nan sai ya ja kujera kusa da fanka. Ina guga, yana magana. Shekara huɗu muka yi a haka. Abin da na rubuta nan, rabi daga bakinsa na ji, rabi da idona na gani.

Mutumin Funtuwa ne. Gidansu yana bayan tashar jirgin ƙasa, ya ce tun yana goye yake bambanta jirgin da ya fito daga Zariya da wanda ya taso daga Ƙauran Namoda, da kuka kawai. Ban musa masa ba. Yana da shekara goma sha takwas aka ɗauke shi aiki a reluwe, yana zuba kwal a cikin wutar jirgi. Shekara shida ya yi yana ɗaga shebur, har girarsa ta daina fitowa sosai. Sai jirage masu dizal suka fara yawa a layinsu.

"Ranar da na fara shiga kan jirgi mai dizal," in ji shi, "na ga kujera, na ga gilashi, har da wurin ajiye kofin shayi. Na ce wa direban, Maigida, to ina aikin? Ya ce, zauna, yanzu aikin na kunne ne."

Ya zauna ya koyi sauraro. Ya zama mataimaki, ya zama direba, ya yi shekaru yana jan fasinja. Har yau in yana ba da labarin tashoshin, sai ya jero su da abin da ake sayarwa a kowace: inda ake miƙo fura ta taga, inda ake miƙo rake, da inda wata tsohuwa take jiransa da dafaffen ƙwai domin ya taɓa tsayawa akuyarta ta tsallaka.

Da jirage suka fara raguwa, sai ya samu takardar aikin gyaran janareta a Makka. A shekarar 1984 ya sauka. Wata rana aka kira shi gyara a wani lambun shaƙatawa da ke bayan Ka'akiyya, inda iyalai ke kai yara bayan la'asar. Mai lambun, Alhaji Yunus, haifaffen Makka ne, kakansa ne ya zo daga ƙasar Hausa a ƙafa. Ya sayo wani ɗan jirgin ƙasa na hannu daga Turai, kan jirgin bai fi a-kori-kura girma ba, da tarago huɗu marasa ƙofa, an shimfiɗa masa layin dogo da ya zagaye lambun. Wata biyu jirgin ya ƙi tashi. Baba Sada yana kwance ƙarƙashin janareta ya ji makanikai uku suna murɗa injin suna zaginsa. Ya fito ya kara kunne.

"Na ce musu ku daina zaginta, iska ta sha. Na sassauta ƙusa ɗaya, ta yi gyatsa, ta yi tari sau biyu, ta tashi. Alhaji ya rungume ni da farar jallabiyarsa. Ko janaretar ban gama ba."

A satin Alhaji Yunus ya zama kafilinsa, wato ubangidan da ke tsaya masa, iƙamarsa ta zama a ƙasar ta koma hannunsa. Baba Sada ya raɗa wa kan jirgin suna 'Yar Funtuwa, ya rubuta da jan fenti a gefenta.

Layin duka bai kai tafiyar minti bakwai ba, amma Baba bai taɓa yarda cewa na wasa ba ne. Yana da tuta kore da ja. Yana da usur. Yana da jadawali a jikin allo, in lokaci ya yi ko jikan Alhaji ne yake gudu da alewa a hannu, sai dai ya jira na gaba. Yana kuma da zobe, wani kewayayyen tagulla mai faɗin faranti. A gida, ya ce, inda layi ɗaya ne tilo, direba ba ya shiga sai da zobe a hannunsa, kuma zoben ɗaya ne, don haka jirage biyu ba za su taɓa yin gaba da gaba ba. Na ce, "Baba, ai jirgi ɗaya ne a lambun." Ya ce, "Shi ya sa ba mu taɓa yin karo ba." Kullum yakan rataye zoben a ƙusa a tashar, in zai tashi ya je ya ce wa ƙusar salamu alaikum, ya ɗauka. Yara kan taru don su ga wannan kawai.

Sai maganar yashi. A bayan lambun layin yana da ɗan hawa, a ƙarƙashin itatuwan darbejiya. 'Ya'yan darbejiya kan zubo a kan ƙarfen, ƙafafun jirgi su murƙushe su, ruwan ban itatuwa ya sauka a kai, wurin ya yi santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. Ƙarfe a kan ƙarfe, in ji Baba, ba shi da abin kamawa sai yashi. Don haka kullum da hantsi yakan shanya yashi a kan kwano, ya tankaɗe, ya cika wani akwati da ke jikin 'Yar Funtuwa wanda ke zubo shi a gaban ƙafafunta in ya ja igiya. Sauran kuma ya bi hawan ya barbaɗa da hannu. Matarsa, Inna Batulu, ta ce rariyarta goma sha ɗaya suka ɓata a gidan, ba ta ga ko ɗaya ta dawo ba.

Da aka buɗe jirgin alhazai mai lantarki a 2010, Baba ya yi wanka ya tafi Muzdalifa ya tsaya daga nesa ya ga wucewarsa a kan gada. Na tambaye shi yadda ya gan shi. Ya ce, "Kyakkyawa, tubarkalla. Amma ba ta tari, ba ta gaisuwa. Ta wuce ni kamar mun yi faɗa."

Alhaji Yunus ya rasu, lambun ya koma hannun ɗansa Talal. Talal ba mugu ba ne. A kan cinyar Baba ya fara riƙe usur. Amma ya yi karatun kasuwanci, kuma hayaƙi yana sa shi atishawa. A 2015 ya yo odar sabon jirgi mai batir, fari fat, marar nauyi, marar ƙara, daidai faɗin layin. Ya sa ranar Juma'a za a buɗe shi da baƙi. 'Yar Funtuwa kuwa, ya kira mutanen tashlih, masu yanka tsofaffin motoci su sayar da ƙarfen, za su zo da babbar mota ranar Asabar da safe.

Baba ya roƙe shi. Talal ya ce, "Ya ammi, baffana, kai kana nan, aikinka yana nan. Ƙarfe ne bas, shi kaɗai zai tafi." Baba ya je unguwar Shisha wurin mahaifiyar Talal, Hajiya Maryama, ya zauna a bakin ƙofar falo ya yi bayani. Ta ce, "Malam Sada, na bar wa yaro lambun. In na sa baki a wannan, gobe ba zai iya yanke komai ba. Ka yi haƙuri."

Ranar Asabar, saura mako guda, ya kawo kaki ya zauna kusa da fanka. Na goge riga bakwai shiru. Da zai tafi ya ce, "Da wuta suke yankawa, Aminullahi. Na taɓa gani."

Ranar Laraba sai ga shi ya leƙo shagon ba tare da kaya ba, fuskarsa a sake. Ya ce Talal ya same shi a hawan yana barbaɗa yashi.

"Ya ce, ya ammi, esh haza, mene ne wannan? Ƙasa a kan layi? Jirgi jadid, sabo fil, fari, kana zuba masa datti? Na ce, Alhaji ƙarami, ba datti ba ne, yashi ne, tankaɗaɗɗe. Ya ce, khalas, shi ke nan, daga yau babu yashi, a share, a wanke, ina so layin ya yi walƙiya. Na ce, ka tabbata? Ya ce na'am. Na ce, wurin nan yana da santsi fa. Ya ce wannan jirgin na zamani ne, ba irin tsohuwarka ba. Na sake cewa, ka tabbata? Sau uku na tambaya, Allah shaida. Sai na ce to ka rubuta mini, mu a reluwe ba a canza doka da baki."

Ya zaro takarda daga aljihu ya nuna mini. Layi biyu ne da Larabci, da sa hannu.

"Yanzu me za ku yi, Baba?"

"Biyayya," in ji shi. "Ka zo ranar Juma'a bayan la'asar. Ka zo da idanunka."

Na je. Ban taɓa ganin layin dogo mai tsabta irin na ranar ba. Baba ya share shi, ya wanke, ya bi da tsumma. An ɗaura balan-balan a tashar, ana zagayawa da gahawa da dabino. Babban baƙo shi ne Abu Nora, mahaifin Nora, yarinyar da Talal zai aura, dattijo mai furfura da sanda, wanda ba ya yawan magana. 'Yar Funtuwa tana can a ɗan layin gefe, an lulluɓe ta da tamfol. Kullum da safe Baba yana tayar da ita a satin, ya ce wa Talal don mutanen tashlih su samu sauƙin hawa da ita mota ne.

Talal ya ce shi da kansa zai tuƙa zagayen farko. Maza suka cika taragon gaba, mata da yara na baya, Hajiya Maryama a kujerar ƙarshe. Baba ya je ya gai da ƙusa, ya ɗauko zobe, ya miƙa wa Talal da hannu biyu.

"Ba a shiga layi sai da shi."

Talal ya yi murmushin jin kunya, ya karɓa ya jefa ƙarƙashin kujera. Baba ya ɗaga koriyar tuta ya busa usur. Jirgin ya zame ba ƙara, mutane suka tafa. Ni na bi ta tsakiyar ciyawa zuwa wajen darbejiya, inda na tarar ƙasa jiƙe sharkaf, ganye na ɗiga.

Jirgin ya iso hawan da ƙwarin gwiwa. Ya hau kamar taku ashirin, sai tafiya ta ragu. Ƙafafun na juyawa da gudu, suna wani siririn kuka, amma jirgin yana nan inda yake. Daga nan ya fara dawowa da baya a hankali, a hankali, har ya tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri. Wani yaro ya ce, "Marra tanya!" wato a sake. Talal ya sake. Aka hau, aka zamo. A karo na uku yara sun riga sun haɗa baki suna ƙirga takun, mata na dariya a cikin mayafi. Samari huɗu suka sauka za su tura, na farko ya taka 'ya'yan darbejiya ya zauna daɓas da farar jallabiyarsa. Sauran suka koma suka zauna da mutuncinsu.

Abu Nora bai yi dariya ba. Ya dai ɗora haɓarsa a kan sanda yana kallon Talal, abin da ya fi dariyar zafi.

Daga inda nake ina hango Baba a tashar, a kan kujera, yana shan shayi. Talal ya ciro waya ya kira shi, ya sa a lasifika saboda hayaniyar yara.

"Ya ammi, fi mushkila."

"Subhanallahi. Batir ne?"

"La, batir lafiya. Yana zamewa. Ka zo da... ka zo da tsohuwar ka tura mu."

"Wace tsohuwa? Batulu tana gida."

"Ya ammi, Allah ya bar ka, mutane na ji!"

"Au, 'Yar Funtuwa. To ai ba zan iya ba, Alhaji ƙarami. Akwai jirgi a kan layi, ni kuma ba ni da zobe."

"Ni na ba ka izini!"

"Izininka a kaina yake. Amma shekara talatin da ɗaya ina ɗaukar zoben nan jirgi ɗaya ne a layi. Yau da suka zama biyu ne zan shiga hannu wofi? Mahaifiyarka ce fa a kujerar ƙarshe."

Hajiya Maryama ta ɗaga murya daga baya. "Talal, ya waladi, kai masa abinsa. Ƙafafuna sun fara tsami."

Talal ya durƙusa ya laluba ƙarƙashin kujera, ya fito da zoben. Ya ratsa ciyawar nan a gaban kowa, riƙe da shi kamar mai kai farantin abinci, takalmansa na nutsewa. Na ga ya miƙa da hannu ɗaya, Baba bai motsa ba. Ya miƙa da biyu. Sannan Baba ya ajiye kofi, ya yaye tamfol, ya juya layi, ya hau.

Tari biyu ta yi. A na uku hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin ya wuce kan itatuwa, ƙasa ta ɗauki rawa har inda nake. Ta taho a hankali, Baba a tsaye da zobe a kafaɗa, Talal a maƙale a gefe yana atishawa. Ta zo ta dafa bayan sabon jirgin, ko kofin gahawa bai girgiza ba. Baba ya busa mata ƙaho sau biyu, ya ja igiyar yashi. Na ji ƙarar yashin yana murƙushewa ƙarƙashin ƙafafunta, ƙuruc ƙuruc, sai ga jirgin zamani da baƙinsa duka suna hawa kamar an ɗauki jariri. Yara suka kaure da ihu. Hayaƙin duk a kan Hajiya yake sauka, amma ba ta kare fuska ba.

Da aka iso tasha yara suka ƙi sauka. Suka ce a sake zagayawa, amma da mai tarin. Hajiya ta sauko tana share ido da gefen mayafi. Wata ta ce mata hayaƙi ne. Ta ce, "A'a. Haka marigayi Abu Talal yake shigowa gida yana wari duk ranar Alhamis. In yi ta faɗa."

Abu Nora ya tako da sandarsa har gaban 'Yar Funtuwa. Ya shafa jan rubutun, ya sunkuya ya duba farantin tagullar da ke ɗauke da shekarar da aka ƙera ta. Da Hausarsa ta tsofaffin Makka ya ce wa Baba, "Kai ne direban nan da ya bar ni a tasha da 'yata a kafaɗa, don mun makara da minti ɗaya?"

"In dai minti ɗaya ne, ni ne, ranka ya daɗe."

"Nora ta yi kuka har gida." Ya juya wajen Talal. "Na ji ana cewa gobe za a kai wannan tashlih. Haƙiƙa ne?"

Talal ya dubi surukinsa, ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi takalmansa masu laka.

"La, la, ya ammi. Wa ya ce? Wannan turas ne, kayan tarihi. Za mu... za mu gyara mata rumfa."

"Masha Allah," in ji Hajiya da ƙarfi. "Jama'a kun ji. Rumfa."

Baba ya ce, "A rubuta, Hajiya."

Aka rubuta a bayan waccan takardar ta farko, Abu Nora ya sa hannu a matsayin shaida.

Kafin magariba, ina tsaye kusa, Talal ya ja Baba gefe. Ba wawa ba ne, ya riga ya je ya duba hawan ya ga yashin da ke kwance a kan ƙarfe.

"Ya ammi, bokiti ɗaya na yashi ya isa ya fitar da mu."

"Rabin bokiti ma."

"To don me ba ka kawo ba?"

Baba ya taɓa aljihunsa. "Ka hana ni zuba yashi a rubuce. 'Yar Funtuwa ce ba ka hana ba."

Dariya ta ƙwace wa Talal, ta haɗu da atishawa.

Mutanen tashlih sun zo ranar Asabar kamar yadda aka yi da su. Baba ya ba su shayi, ya zagaya da su lambun sau biyu, suka tafi da wani tsohon lilo da ya karye. Sabon jirgin yana aiki sauran ranakun mako, da yashinsa a hawa, kuma Baba ya yarda cewa yarinya ce mai ladabi. Alhamis da Juma'a na 'Yar Funtuwa ne. Talal ya kafa allo a ƙofa da hotonta, ya sa an yi mata rumfa mai fanka. A ranakun nan za ka ga dattawa 'yan Najeriya da Nijar, masu gadi da magina da direbobi, sun zo ba tare da yaro ko ɗaya ba, sun takure a ƙananan kujeru gwiwa na taɓa haɓa, suna gardamar sunayen tashoshi. Talal da kansa yake koyon tayar da ita, da ƙyalle a hanci. Har yanzu bai yarda ya gai da ƙusa ba, amma yana ɗaukar zoben da hannu biyu.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Mukhtaru, mai ban ruwan lambun, da asuba yake shayar da itatuwa, kowa ya sani. Wata Asabar ina goge kakin na ce, "Baba, ranar nan da la'asar na tarar da gindin darbejiya jiƙe. Wa ya ce wa Mukhtaru ya kunna ruwa da ƙarfe uku?"

Ya ɗaga kai ya kalli fanka.

"An yi zafi ranar," in ji shi. "Itace ma rai gare shi."

Ya karɓi rigar ya shinshina wuyanta, ya ce na fara wuce gona da iri wajen sabulu, in rage.